Ƙyalli a Idon Saratu

"Ka tahi, Gidaɗo. Kar ka sake zowa zance gidanga."

Saratu ta faɗi haka kanta a sunkuye, a bakin zauren gidansu da ke Anka. La'asar ta yi sanyi, ƙamshin sabon gero na tashi daga rumbuna. Gidaɗo, wanda ya baro shanun mahaifinsa a Gwashi ya biyo motar kasuwa don kawai ya gan ta, ya tsaya turus.

"Mi na yi miki, Saratuna?"

"Ba ka yi komi ba."

"To ɗago ki dube ni."

Ta ɗago, sai abin da take gudu ya zo. Wani ɗigon haske ya ɓullo a idonta na hagu, yana rawa kamar rana a kan ruwan gulbi. A hankali ya buɗe ya zama zobe mai haƙora, fari da ruwan ɗorawa, yana ƙyalli yana tafiya. Rabin fuskar Gidaɗo ya narke a cikinsa. Tana jin muryarsa, amma bakin da ke kiran sunanta babu shi.

Ta juya da gudu ta faɗa gida.

Tun da damina abin ya fara mata. Yakan zo in ta daɗe tana ɗinkin hula cikin rana, ko ranar da ta yini ba ta ci ba. Ya ɗan jima ya wuce, ya bar mata saran kai. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana ƙarama mahaifinta Malam Dalhatu ya rasa ganinsa, ta tashi tana kallon Inna Tabawa na ɗora hannunsa a kan akushi, tana raka shi har ƙofar masallaci.

Inna ta iske ta a ɗaki ta rufe fuska da zane.

"Ke, mi ya hwaru?"

"Makancewa za ni yi, Inna... kamar Baba!" Kuka ya ƙwace mata, ta zayyana komai. "Ba ni son Gidaɗo shi ƙare ƙuruciyatai yana ja mini sanda, kamar yadda kika..."

"Kamar yadda na yi mi?" Inna ta zauna kusa da ita. "Wa ya ce miki wahala nika sha? Mutumen da ke gane takuna cikin mata goma? Haba ɗiyata..."

Daga tsakar gida Malam ya yi gyaran murya. Ashe duk yana ji.

"Saratu, nawa ba haka ya faro ba. Nawa hazo ne, kuma tun da ya zo bai taɓa tahiya ba. Naki da ke zuwa yana komawa, a kai ki ga masu sani."

Gidaɗo kuwa bai gusa daga zaure ba. Da yayanta Magaji ya fita ya yi masa bayani, abu ɗaya ya ce: "Ko da ido ko ba ido, ita nika so."

Washegari su uku, ita da Magaji da Gidaɗo, suka hau mota zuwa asibitin Gusau. Duk hanya Saratu kallon gonakin dawa take yi, da balbelu a bayan shanu, da jajayen duwatsu, tana haddace su kamar mai bankwana.

Likita ya haska mata 'yar fitila a kowane ido, ya yi tambayoyi masu yawa, sannan ya yi murmushi.

"Idonki lafiya lau. Kin san ciwon kan nan na ɓari guda? To ɗan'uwansa ne, naki ta ido yake bayyana. Jijiyar jini ce ke ɗan tsukewa, sai ta saki. Yunwa, ƙishirwa, ƙyallin rana, rashin barci, su ke tayar da shi. In ya zo, ki sami inuwa ki kwanta. In kuwa wata rana ya daɗe bai wuce ba, ki dawo da sauri."

"Likita... ba za ni makance ba?"

"Wannan ba irin na babanki ba ne."

Ta waiga. Gidaɗo ya rufe fuska da malafarsa, kafaɗunsa na rawa. Bafulatanin da ko sandar sharo ba ta taɓa sa shi ƙifta ido ba!

Da suka dawo Anka, Malam ya saurari bayanin Magaji har ƙarshe, ya yi hamdala. Sai ya karkata wajen da yake jin numfashin matarsa.

"Tabawa, zan ba da ɗiya ga wanda ban taɓa gani ba. Gaya mini gaskiya, yaronga na da kyau?"

Saratu ta tsere bayan rumbu don kunya, amma ta kasa kunne.

Inna ta daɗe tana kallon mijinta.

"Yana da kyau, Malam. Amma bai kai ka ba."

Malam ya yi dariya har hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"To a kira mini shi. A sa rana."