Albarkar da Aka Hana Efraín

Shekara goma sha ɗaya da kashe Efraín a yaƙin Koriya, amma uwarsa Doña Eduviges ba ta huce ba. A tsaunukan Puerto Rico ko kanti ɗa zai je sai ya nemi albarkar uwa. Ita kuwa ranar da ya sa kakin sojan Amurka, baya ta juya masa.

Da almuru tana kwashe gahawar da ta shanya, sai ga soja tsaye a bakin shinge.

"Wace tsiyar kuma?" ta daka masa tsawa. "Wata tutar kuka kawo irin ta kan akwatin gawarsa? Tuta ce za ta ɗaukar mini buhu? Kun tafi da yaro lafiyayye, kun dawo mini da akwati a rufe! Ɓace mini da gani!"

Bai motsa ba. Kwaɗi suka yi tsit. Ana zafi har gumi na tsatsafo mata, amma haƙoransa kaɗawa suke, ƙanƙarar Koriya tana narkewa daga takalminsa.

Ya cire hula, ya karkatar da kai hagu yadda Efraín kaɗai yake yi.

"Mama," ya ce, "har yanzu ina bakin ƙofa. Sa mini albarka in tafi."