Abin da Jikin Baba Ya Faɗa

Tun asuba ake ruwa, har Sufeto ya isa gidan bai ɗauke ba. Tsohon gidan bene ne, fentinsa duk ya ɓare. Saje ya riga shi zuwa, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da lema.

"Nas ce ta mutu, yallaɓai. Ita ke jinyar mai gidan, wani tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa sun ce zamewa ta yi daga bene."

Gawar na kwance a gindin matakala cikin fararen kayan aiki, wuyan ya karkace. Sufeto ya durƙusa ya ɗaga hannunta na dama. Faratan sun kakkarye, da busasshen jini a ƙarƙashinsu. Ya miƙe ya hau sama a hankali. A kan matakalar ƙarshe ga farantin magani a ajiye, da kofi cike da ruwa, ko ɗigo bai zuba ba.

"Saje, ka taɓa ganin wanda ya tsaya ya ajiye faranti tukuna, sannan ya zame?"

"Sai dai in an yi masa sanarwa, yallaɓai."

A falo ya tarar da 'ya'yan tsohon su biyu. Babbar, wadda ake kira Yaya, tana zaune a bakin kujera kamar mai shirin tashi. Ƙaninta Auta, malamin firamare ne, siriri mai sanyin murya, yana tsaye jikin taga cikin riga mai dogon hannu, idanunsa sun yi ja.

"Malama, ina kike lokacin da abin ya faru?"

"Ina kicin. Ƙara kawai na ji."

"Ƙaninki fa?"

"Ya tafi makaranta tun da sassafe. Ni na kira shi a waya ya dawo."

Ta faɗi haka da sauri, ba ta ko kalli inda yake ba. Sufeto ya lura da hakan. Mutum in ya ambaci ɗan'uwansa da ke tsaye kusa, yakan ɗan juya gare shi. Ita kuwa wuyanta ya sandare, sai murza zoben yatsarta take yi.

"Haka ne, Malam?"

"Haka ne, yallaɓai. Na tafi tun da sassafe, ita ta kira ni a waya na dawo."

Kalma bayan kalma, babu ragi babu ƙari.

Saje ya leƙo ya yafito Sufeto zuwa tsakar gida. Motar Auta na ajiye a fili, ruwa na dukanta. Saje ya nuna ƙarƙashinta. Ƙasar a bushe take ƙamas, shatin motar ya fito raɗau.

"Motar nan ba ta motsa ba yau, yallaɓai. Takalminsa ma na duba a bakin ƙofa, babu laka."

"Kada ka ce musu komai. Wa ke ɗakin da ke fuskantar matakalar?"

"Tsohon. Amma ba ya magana. Ko ruwa ba ya iya nema."

Ɗakin na warin magani da man shafawa. Ƙofarsa a buɗe take, daga kan gado ana hango kan matakala sarai. Tsohon ƙaton mutum ne da ciwo ya cinye, bakinsa ya karkace gefe. Idanunsa kaɗai ke da rai, sai hannun hagu da ke ɗan motsi a kan zanen gado.

"Sannu, Baba. Ni ɗan sanda ne."

Idanun suka kafe shi. Sufeto ya janye hannun rigar tsohon a hankali. A cikin damtse, inda ido ba ya kaiwa, fatar ta yi baƙi wuri-wuri. Wasu tabban sun tsufa, wasu sababbi ne. Shatin yatsu ne.

Ya sa aka kira Yaya. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ba. Tsohon ya dube ta, ya mayar da ido kan rufi.

"Ki matso mana, Malama."

"Nan ma ya isa, yallaɓai."

Sai aka ji takun Auta a kan matakala. Tun bai bayyana ba numfashin tsohon ya canza, ya koma gajere, da sauri-sauri. Hannun hagun ya damƙe zanen gado har jijiyoyi suka tashi. Da Auta ya shigo, tsohon ya runtse ido, ya noƙe wuya cikin kafaɗa, kamar yaron da ya ga an ɗaga bulala.

Sufeto ya daɗe yana ganin tsoro a fuskokin mutane, amma bai taɓa ganin uba ya yi wa ɗansa irin wannan ba.

"Malam, taimaka mini mu gyara masa kwanciya. Kama shi ta kafaɗa."

Auta ya sunkuya ya zura hannu. Hannun rigarsa ya ja baya. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ga yakushi ɗanye, bai ko fara bushewa ba.

"Mage ce?" in ji Sufeto.

Auta ya yi saurin jan hannun rigar ya rufe. Ruwa kawai ake ji a kan kwano.

"Motarka ba ta fita ba. Jinin da ke faratan Nas kuwa likita zai gaya mana mai shi. Ka hutar da yayarka, Malam. Ƙarya ba ta karɓe ta ba."

Yaya ta toshe baki da mayafi. Auta ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da gadon.

"Nas ta ga tabban," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Yau da safe ta tare ni a kan bene, ta ajiye faranti, ta ce za ta gaya wa likita. Na riƙe hannunta ina roƙonta. Ta fizge, ta yakushe ni, na ture ta. Wallahi ban yi niyyar kashe ta ba."

"Mahaifinka fa? Shi ma ba ka yi niyya ba?"

Auta ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Yallaɓai, ka ga yadda ya yi da ya ji takuna? Haka muka tashi a gidan nan. Da mun ji motarsa a ƙofa, ni ƙarƙashin gado nake shiga. Da wayar wuta yake dukanmu. Tambayi Yaya me ya sa kunnenta ɗaya ba ya ji. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, na zo gyara masa filo, sai na ga ya ƙifta ido don tsoro. Na ji wani sanyi a raina. Daga nan na fara matse masa damtse, na kasa dainawa."

"Ita Nas me ta yi muku?"

Kan Auta ya faɗi a kan ƙirjinsa.

"Yara gare ta," in ji Yaya daga bakin ƙofa, cikin kuka. "Kullum sai ta nuna mini hotonsu."

Saje ya ɗaga shi ya sa masa ankwa. Sufeto ya gaya wa Yaya ita ma za ta biyo su ofis ta sake ba da bayani, na gaskiya wannan karon, kuma za a turo motar asibiti ta ɗauki tsohon.

Sun kai bakin ƙofa ke nan wani gurnani ya fito daga gadon. Duk suka juya. Tsohon ya saki zanen, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya miƙa shi wajen ɗansa. Hawaye na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace.

Sufeto ya tsaya yana kallon hannun. Ya rasa gane ko kira ne, ko tsinuwa.

Auta bai jira ya sani ba.

"Mu je, yallaɓai," ya ce.

Suka sauka da shi, suka raɓa ta gefen gawar da aka lulluɓe, suka fita cikin ruwan.