Agogon Bashi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifiyarta tela ce, tana da ɗan shago a bakin layinsu. Yarinyar tana kiran ta Umma.

Wata rana da aka tashi daga makaranta, ta ga wani jan agogon hannu a teburin mai koli. Idan aka danna shi sai ya yi haske. Ranta ya biya, amma ko sisi babu a jakarta.

Sai ta juya wajen ƙawarta da suke zama benci ɗaya, wadda ake kira Doguwa. Ta roƙe ta rance, ta ce ranar Litinin za ta biya. Doguwa ta zuge jaka ta ba ta, yarinyar ta sayi agogon.

Litinin ta zo ta wuce. Ɗan kuɗin tara da Umma ke ba ta bai taka kara ya karya ba. Ga shi tana tsoron faɗa a gida, don haka a ƙasan jaka take ɓoye agogon.

Tun daga nan yarinyar ta canja. Abinci ya daina yi mata daɗi. Da ta hango Doguwa sai ta haɗe rai kamar hadari. Ran nan ƙaramin ƙanenta ya taɓa jakarta, ta make masa hannu har ya yi kuka.

"Wai me ke damun ki ne?" in ji Umma. "Kin zama kamar kububuwa."

Ta turo baki ta ce ba komai.

A mako na biyu, lokacin tara, Doguwa ta matso kusa da ita. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah, ko rabi ne ki ba ni."

Nan take yarinyar ta hau ta da masifa. "Kullum kuɗi, kullum kuɗi! Guduwa zan yi? Kin bi kin hana ni sakat a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Ta ture ta. Doguwa ta bugu da benci, gwiwar hannunta ta kuje, jini ya fito.

Malamar ajinsu ta kai su ofis, ranta a ɓace. Ta wanke ciwon, sannan ta ce kowa ta faɗi gaskiya. Doguwa ta share hawaye ta ce kuɗin motarta ne. Babanta ya ba ta na wata guda, ita kuma ta ba da rance. Tun ranar a ƙafa take zuwa, a ƙafa take komawa, ga gidansu da nisa. Kullum sai ta makara, kullum sai an tsare ta a ƙofa an ba ta shara.

Yarinyar ta kasa ɗaga kai. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malama ta kira Umma a waya ta gaya mata komai.

Da yarinyar ta isa shago, ta tarar Umma ta tsayar da keken ɗinki tana jiran ta.

"Kin ci kuɗin yarinya, kin sa ta yawo a rana, sannan ki ɗaga hannu a kanta?" in ji Umma. "Ita ce ta yi miki laifi?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta ce tsoro ne ya cika ta, ko barci ba ta iya yi.

Fushin Umma ya ɗan sauka. Sannan ta dafa keken ta ce, "Kin ga wannan? Bashi na ɗauke shi, har yau ina biya. Watan da ban samu ba, da ƙafata nake zuwa in ba mai shi haƙuri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ɓoye shi ke sa ya zama dutse a ƙirji."

Washegari Umma ta raka ta makaranta, ta biya Doguwa kuɗinta. Yarinyar ta ba Doguwa haƙuri a gaban 'yan aji. Sai da aka kwana biyu kafin Doguwa ta sake mata fuska.

Umma kuwa ta ce yanzu ita ke bin yarinyar bashi. Kullum bayan makaranta yarinyar tana share shago, tana ɗinka maɓalli, ana rage mata kaɗan kaɗan. Ta sha sukar allura a yatsa, amma zuciyarta wasai. Ƙanenta ma ya daina gudun ta.

Ranar da ta gama biya, ta ruga ta gaya wa Doguwa, suka yi ta dariya.

Daga nan ta gane cewa fushi ba ya biyan bashi. In abu ya dame ka, faɗa wa babba tun da wuri. Kuma wanda ya ba ka rance taimakon ka ya yi, ba maƙiyinka ba ne.