Don Farauta da Koyon Harbi Kawai

Da hantsi aka kira Insifekta Dombrowski, ko kofinsa bai gama sha ba. An tsinci gawar Curtis Hale a bayan gidan abincin da ke bakin babbar hanya, kwance gefen motarsa, da harbi biyu a ƙirji.

Babu wanda ya zubar da hawaye. Duk garin an san Curtis, an kuma san abin da yake yi wa tsohuwar matarsa Noreen, wadda ke raba abinci a wannan gidan. Ya karya mata hannu, ya farfasa mata tayoyi, ya bi ta har coci. Kotu ta hana shi matsowa kusa da ita, shi kuwa ya mai da takardar kotun abin dariya.

Insifekta ya zaro harsashi ɗaya da ya maƙale a ƙofar motar. Na darma ne, zubin gida, irin na ƙaramar bindigar nan mai tofar da kwanso bayan kowane harbi. To ina kwansunan? Aka duba wurin kaf, babu ko ɗaya. Abin da ya gani kawai shatin gwiwa ne a laka can gefe, da shatin tafin hannu kusa da shi, kamar na wanda ya sha wuya kafin ya miƙe.

Ya tarar da Noreen a kicin, zaune a kan buhun dankali.

"Me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Ina ciki ina zuba wa mutane kofi na ji ƙara."

"Kofin ne ya yaga miki wuyan riga?"

Ta ja rigar ta rufe jan shatin yatsun da ke wuyanta.

"Ina bindigarki, Noreen?"

Sai ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Tana gida cikin akwati, a kulle, tana hutawa. Kai ma ka san abin da aka buga a lasisina."

Ya sani. A wannan gunduma alƙali ne ke ba da lasisin, kuma kusan kowa hatimi ɗaya yake samu: don farauta da koyon harbi kawai. Ka ɗauke ta zuwa daji ko filin harbi, ka dawo da ita gida, shi ke nan. Noreen ta nemi a cire mata wannan sharaɗi, ta kai hotunan hannunta a ɗaure. Alƙali ya ce tsoron da take ji bai kai a kira shi buƙata ta musamman ba.

"Na ɗaukaka ƙara," in ji ta. "Ranar Alhamis za a zauna. Lauyana ya ce kafin nan ko taɓa ta kada in yi, in aka kama ni da ita a jaka na rasa komai. Na bi doka, Insifekta. Ka ga abin da ta saka mini da shi."

Ya aika aka duba. Bindigar na nan inda ta ce, fes da ita, ba a harba ta ba. Ya ji sanyi a ransa, amma na ɗan lokaci ne, domin ya fara zargin inda maganar za ta kai shi, kuma ba ya son zuwa.

Daga nan ya wuce filin koyon harbi na bayan gari. Mai filin, wata mata mai suna Wanda, tana shara ya same ta.

"Su wa ke zuba harsashinsu a gida?"

"Duk wani tsoho mai rowa. Za su kai ashirin."

"Wa ya zo nan yau da safe?"

"In ka tambaye su, duk gari nan suka nufo," in ji Wanda tana taɓe baki. "Kowa na yawo da jakar harbi a mota, da kun tare shi ya ce hanyar nan yake. Da rabinsu na isowa da tuni na sayi jirgin ruwa."

"Orville Pruitt fa, mahaifin Noreen?"

Tsintsiyar ta tsaya. "Rabona da shi tun bazara. Gwiwa ta hana shi sakat." Ta dubi tarin kwansunan da ta tara, sai maganar ta suɓuce mata. "Lokacin da yake zuwa ai ba na shara. Bai taɓa barin kwanso a ƙasa ba, nasa ko na wani, sai ya tsince ya je ya sake cikawa."

Ta gane abin da ta faɗa, ta juya masa baya. Insifekta ya sunkuya ya ɗauki kwanso ɗaya ya sa a aljihu.

A gareji ya sami Orville, tsakanin gwangwanayen kofi cike da kwansuna. Noreen ta riga shi isa, tana tsaye a bakin ƙofa kamar mai gadi.

"Mista Pruitt, ina kake da safe?"

"Na je filin harbi."

"Wanda ta ce rabonta da kai tun bazara."

"Wanda ko mijinta ba ta ganewa sai da tabarau."

"Ni ce," in ji Noreen da sauri. "Na ɗauki bindigar Baba a ɓoye. Ya shaƙe ni, na harbe shi. Ka rubuta, mu tafi."

"Kwansunan fa?"

Ta dube shi. "Wane kwanso?"

Insifekta ya taɓa kwanson da ke aljihunsa. Ya daɗe a aikin nan, amma bai taɓa tsanar kansa kamar a wannan lokaci ba. Ya zaro hannu daga aljihu kamar mai neman biro, ya bar kwanson ya faɗi. Ya yi ƙara a siminti, ya gangara ya tsaya gaban tsohon.

Orville ko tunani bai yi ba. Ya sauka a kan gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ɗauka. Sai da kwanson ya shiga hannunsa sannan ya ɗago ido ya dubi Insifekta, ya ga gwiwarsa da tafin hannunsa yake kallo.

"Ka iya mugunta, yaro," in ji shi a hankali.

"Baba, ka yi shiru."

"Bar shi, ɗiyata." Ya nuna rigar sanyinsa da ke rataye. "Kwansunan suna aljihun hagu, guda biyu. Tun da lauyan nan ya sa ta kulle bindigarta, kullum ina zaune a mota bayan gidan abincin. Yau ta fito zubar da shara, ya fito daga bayan mota ya kama wuyanta. Na yi masa magana, ya sake ta, ta gudu ciki."

"Ya sake ta," in ji Insifekta. "Daga nan fa?"

"Ya juya zai shiga motarsa yana dariya, ya ce gobe ma rana ce. Na kira sunansa ya waiwayo. Ba zan yi maka ƙarya ba, babu komai a hannunsa. Na dai gaji da jiran Alhamis."

Da tsohon ya ce lokacin shaƙar ne ya yi harbin, da Insifekta ya rubuta haka da farin ciki. Amma ya riga ya faɗa, kuma ɗan sandan da ya rako Insifekta yana bakin ƙofa, ya ji.

Sai da Insifekta ya riƙe hannun tsohon ya miƙar da shi. Bai sa masa ankwa ta baya ba, ta gaba ya sa, a sassauce.

A bakin mota Orville ya waiwayo. "Ki je zaman nan, Noreen. Kada ki fasa."

"In je in ce musu me, Baba?" Muryarta a bushe, ko hawaye babu. "Wanda nake tsoro ya mutu. Yanzu kam alƙali ya yi gaskiya, ba ni da buƙata."

Insifekta ya buɗe ƙofar motar. Ya tallafa wa tsohon ya shiga, ya ɗaga masa ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya rufe ƙofa. Har suka sha kwana tana nan tsaye ita kaɗai a bakin garejin.