Duwatsu Bakwai a Kwalbar Asama'u

Asama'u na durƙushe a bakin famfon gidan haya a Agege, hannu ɗaya riƙe da haƙarƙarinta na dama, ɗaya tallafe da cikinta ɗan wata biyar, amai take yi kamar ranta zai fita. Marainiya ce, ba uwa ba uba, kuma shekara shida da aure sai yanzu Allah ya ba ta rabo. Mijinta Khamisu mahauci ne, ƙaunarsa duk a nama take fitowa. Kullum sai ya dawo daga mayanka da ƙunshin tantaƙwashi da kitse yana cewa, "Ci, ki ciyar mini da yarona!" Ita kuwa da ta ci, sai ciwo ya murɗe ta har bayanta... Wayyo, baiwar Allah!

Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifin Khamisu, wadda ta zo ganin gida na sati biyu ta shekara, ta taɓe baki daga kan tabarma. "Kanki farau ciki? Mu goma-goma muka haifa, muna daka muna surfe. Shagwaɓa ce kawai ta 'yan Legas!"

Ana haka Khamisu ya tafi Arewa sayo shanu. Shekarar da wayar hannu ta shigo ce, masu ita ba su da yawa, babu hanyar jin sa. Kwana uku da tafiyarsa Asama'u ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida da hantsi. Maƙwabciyarta Hassana ce ta cicciɓe ta, suka shiga danfo, motar hayar Legas, sai wani asibiti a Ikeja. Likita ya duba ya ce duwatsu ne a matsarmamarta, ta kumbura, in aka jira haihuwa ana iya rasa uwa da ɗa. Asama'u ta fashe da kuka. "Likita, ka yanka ni ko'ina, amma don Allah kada ka taɓa mini yarona!" Ya yi murmushi ya ce ba zai farke ta ba. Akwai sabon aiki da ba a daɗe da kawowa ba: ƙananan ƙofofi huɗu zai huda, ya hura iska, ya zura ɗan madubi mai fitila, ya zaro matsarmamar ya bar jariri yana barcinsa.

Haka aka yi, Allah ya ba da sa'a! Kwana uku ta dawo da ƙafarta tana dariya, da filasta huɗu a ciki, da 'yar kwalba mai duwatsu bakwai da likita ya ba ta. Ta cusa ta ƙarƙashin katifa don ta nuna wa mijinta.

Ashe Gwaggo ta gani. Ranar da Khamisu ya sauka, ko ruwa bai sha ba ta tare shi a ƙofa tana ɗaga kwalba. "Ka ga abin da kake kwana a kai! Ta ce wai an yi mata aiki. Ina ɗinkin? Wa ya taɓa ganin an yanka mai ciki ta dawo tana shara? Gidan boka ta kwana uku, ya yi mata tsaga huɗu, ya ba ta wannan don ta mallake ka. Waccan Hassanar ce 'yar rakiya. Ko ka sake ta yau, ko na ɗaga maka nono a madadin uwarka!"

Asama'u ta ce, "Gwaggo, wallahi iska suka hura mini, suka..."

"Iska! Kun ji ko? Ta zama balan-balan!"

Idon Khamisu ya kaɗa. Asama'u ta kama ƙafarsa tana hawaye. "Maigida, ba ni da kowa sai Allah sai kai. In ka kore ni, ina zan kai cikin nan?" Gwaggo kuwa har ta fara fito da kwanukanta waje. Sai Khamisu ya ce a bari a kira Baba Sanda, tsohon da ya koya masa fawa, shekararsa arba'in a mayanka. Abin da ya yanke shi ke nan.

Baba Sanda ya zo bayan la'asar, mata sun cika tsakar gida. Ya karɓi kwalbar ya girgiza ta a kunne, ya zazzage dutse ɗaya a tafinsa, ya danna da farce. Sai ya marmashe, cikinsa rawaya. Tsoho ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Khamisu, kai ma? Wuƙar da na ba ka ta tashi a banza! Sau nawa muka fasa matsarmamar tsohuwar saniya muka sami irin wannan? Talatu, dutsen tsafi yana marmashewa haka?" Ya juya ga Asama'u. "'Yata, ina suka huda?"

Ta nuna ta saman zane: cibiya, ƙahon zuci, biyu a ƙasan haƙarƙarin dama.

"Daidai gidan hanta! Bokan nan naki ya iya fiɗa. Batun iska kuwa, mu da muke ɗan tsaga ƙafar rago mu hura shi ya kumbura kafin mu taɓa fata, mu ne za mu ƙaryata? Likitan nan mahauci ne, farar riga kawai ya fi mu!"

Gida ya ɗauki shewa. Khamisu ya durƙusa gaban matarsa, ƙato da shi yana kuka. "Asama'u, ki yafe mini. Ni na yi ta ɗura miki kitse, ni kuma na tsaya ina shakka..." Ta share hawaye ta ce, "Na yafe. Amma daga yau kifi za ka riƙa sayowa." Mahauci da sayen kifi! Har Baba Sanda sai da ya riƙe ciki.

Gwaggo ta nemi sulalewa, tsohon ya ce ta tsaya ta mayar da kwanukan da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Washegari Khamisu ya sa ta a motar shanu mai komawa Arewa, yara da matan layi na kiran ta Gwaggo Mai Kwalba. Ko suna ba a aika mata ba.

Bayan wata huɗu Asama'u ta haifi 'yarta lafiya lau, aka sa mata Mufida. Duk wanda ya zo barka sai ta girgiza masa kwalba ta ce, "Ga yayyenta shida, sun riga ta fitowa. Na bakwai Baba Sanda ya kashe."

Ni ce Hassanar. Bara Asama'u ta rasu, bayan ta ga auren Mufida da idonta, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta. Ranar da muke kwashe kayanta na ɗaga katifa, sai ga kwalbar. Na girgiza ta, muka yi ta dariya ni da Mufida, hawaye na zuba... Ta karɓa ta sa a jaka ta ce, "Inna Hassana, yayyena ne, gidana za su koma."