Mai Sarƙar Tun Kafin Nawab

Da yamma liƙis Tahmina ta ɗauko sarƙar daiman ta kakarsu daga gidan gado, za ta kai wa masu gwanjo a cikin birnin Hyderabad. Ƙanenta Murtaza ya biyo ta har bakin mota yana kumfar baki.

"Ki haɗa da kabarinta ki sayar mana, Yaya! Kaka ta ce kada sarƙar nan ta bar gida."

"Kaka ta mutu. Matsa min, ragon banza."

Ta ja mota. Tana tafe tana bitar abin da za ta gaya wa masu saye: Nawab, wani basaraken da can, shi ya sa aka ƙera wa matarsa, daga ita sai wani attajirin Bombay, daga shi sai kaka. Tarihin nan shi ne rabin darajar sarƙar.

Daidai tsofaffin kaburburan Golkonda, yankin da a da ake haƙo daiman, motar ta mutu. Ba kowa a hanya. Can nesa ladan ya fara kiran magariba, sai muryarsa ta yanke a tsaka.

Wari ya cika motar, irin na jiƙaƙƙiyar ƙasar rami. Cikin akwatin da ke gefenta duwatsun suka fara karo da juna. Ƙas. Ƙas. Kamar haƙoran mai jin sanyi.

"Sake faɗa," in ji wata murya ƙasa-ƙasa daga kujerar baya. "Su wa suka mallake ta?"

Tahmina ta kasa waiwayawa. A madubi ta ga tsohuwa, laka har gira, ido ba ya ƙiftawa.

"Na... Nawab."

"Ɓarawo. Daga ɗakina aka haƙo masa."

"Matarsa."

"Tana cikin dariya ta shaƙe."

"Attajirin..."

"A rataye aka same shi."

"Ai kakata ta tsufa lafiya!"

"Duk Alhamis tana goge min ita, tana ba ni haƙuri. Ke kuwa, 'yar marasa kunya, kasuwa za ki kai min kaya."

Akwatin a buɗe. Wayam.

Wani sanyi ya kwanta mata a wuya. Sarƙar ce.

Tana matsewa.

Ta so karanta Ayatul Kursiyyu, numfashi ya ƙi fita. Yatsu masu danshi na jan maɗaurin ta baya.

Ta cusa hannu ƙarƙashin duwatsun, ta fizge. Sarƙa ta tsinke, fata ta yage. Ta faɗo waje, ta ruga ba takalmi.

Washegari aka tarar da sarƙar cikin akwatinta, a haɗe tsaf. Masu gwanjo suka aiko aka ɗauka, don Tahmina ta riga ta sa hannu. Wata amarya a Dubai aka saya wa.

Tun ranar muryar Tahmina ba ta ƙara wuce raɗa ba. Da ƙyar ta samo lambar amaryar don ta gargaɗe ta. Aka ɗaga wayar.

"Kin makara," in ji tsohuwar. "Tana gaban madubi."