Yatsu Tara na Obadiah Thurlow

Shekara goma sha ɗaya ina juya wa Obadiah Thurlow takardun kiɗa a cocin garinmu, shi yana kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai maɓallai da ake zuga wa iska, ni ina haɗiyar baƙin ciki. Mutum ne da ba shi da ƙaramin yatsa a hannun hagu, amma in ya taɓa, har kuka mata suke yi. Ni mai yatsu goma cif, ko sunana ba a riƙe ba. Ranar da aka binne shi, ba zan ɓoye muku ba, na ji sanyi a raina.

Dattawan coci suka sa ranar gwaji don cike gurbinsa. Mu uku ne, kowa zai kaɗa abin da ya tsara da kansa. Ni kuwa na san marigayin ya bar wani rubutaccen kiɗa a akwatin kujerarsa, wanda kunnen kowa bai taɓa ji ba. Ana gobe gwaji, da faɗuwar rana, na je ɗaukowa.

A ƙofa na ci karo da tsoho Silas, mai zuga wa ogan iska, yana saka hula.

"A'a, mai juya takarda! Mantuwa aka yi?"

"Safar hannuna."

"To, ka kulle in ka fito. Ni na yi gida."

Matakalar benen da ogan yake tana ƙara. Warin kitsen kyandir da tsohon katako. Na buɗe akwatin, na cusa takardar a rigata.

Sai na ji zugazugin ogan ya ja numfashi.

Ogan ba ya magana sai da mai zuga. Silas kuwa ga shi can ta taga, har ya wuce maƙabarta.

Maɓallan suka fara nutsewa da kansu. Kiɗan da ke cikin rigata ne. Na ƙirga yatsun da ba na gani.

Tara.

"Juya," in ji wata murya a kunnena, ƙasa-ƙasa.

Hannuna ya miƙa inda takarda ke zama, yadda ya saba. Wani abu mai sanyi ya cafke ƙaramin yatsana na hagu.

Ban san yadda na sauko ba.

Washegari na kaɗa kiɗan, na kuma samu kujerar. Amma yatsan nan bai sake lanƙwasuwa ba, yau shekara talatin. Duk Lahadi sai wani ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa taf da hawaye, ya ce, "Kai, yau kam sai ka ce Thurlow ne da kansa!"

Sunana Gervase Aldous, in da mai tambaya.